Daga riƙe raket zuwa zaman benci: yadda ɗan tanis na jami'a a Amurka ke zama mataimakin koci

Da zarar watan Mayu ya ƙare a Amurka, ɗaruruwan matasa maza da mata sun buga wasan tanis na ƙarshe da rigar jami'arsu ke nan. Kafin a koma karatu a watan Agusta, sai sanarwa ta fara fitowa daga sassan wasanni na jami'o'i: wane, wanda ya yi shekara huɗu yana buga wa makarantar, an naɗa shi mataimakin koci. Mai kallo daga nesa yakan ɗauki wannan a matsayin rarrashi, wato yaro bai kai ga zama ƙwararre ba, sai aka ba shi kujera ya rage zafi. A ganina wannan fahimtar ta yi wa kujerar rashin adalci. Mataimakin koci sana'a ce mai zaman kanta, tana da ilminta, tana da wahalarta, kuma tsarin tanis na jami'a ne ke fara koyar da ita tun mutum yana ɗan wasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai an fara gane yadda gidan yake kafin a gane mai shiga cikinsa. Hukumar NCAA ce ke kula da mafi yawan wasannin jami'o'in Amurka, kuma ta kasa makarantu rukuni uku. Rukuni na Ɗaya shi ne na manyan jami'o'i masu kuɗi da manyan filaye, Rukuni na Biyu na bi masa, Rukuni na Uku kuwa ba ya ba da tallafin karatu don wasa kwata-kwata. Akwai wasu hukumomin a gefe, irin su NAIA ta ƙananan jami'o'i da NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. A ɓangaren tanis kuma akwai ƙungiyar ITA, wadda ke fitar da jadawalin matsayin 'yan wasa da tawagogi, take kuma tsara dokokin da ake bi a fili. A Rukuni na Ɗaya ɗan wasa yana da kaka huɗu ta gasa, kuma dole ya cinye su cikin shekara biyar daga ranar da ya shiga jami'a. Agogon nan ba ya jiran kowa. Tun ranar farko yaro ya san ranar da za a karɓe rigar.

Abin da ya bambanta tanis na jami'a da wanda ake gani a Wimbledon shi ne an mai da wasan mutum ɗaya ya zama na tawaga. Idan jami'o'i biyu suka haɗu a Rukuni na Ɗaya, maki bakwai ake fafatawa a kai. Ana farawa da wasan bibbiyu a fili uku lokaci guda, kowane zubi ɗaya tak, wanda ya fara kai 6. Tawagar da ta ci biyu daga cikin ukun ita ke ɗaukar maki ɗaya. Bayan ɗan hutu na mintoci sai a bazu a fili shida don wasan ɗaiɗai, kowane fili maki ɗaya. Wanda ya fara tara 4 ya ci, kuma a gasar ƙasa nan take ake tsayar da sauran wasannin ko da ana tsakiyar bugu. An kuma gajarta lissafi: idan aka yi kunnen doki 40 da 40, ƙwallo ɗaya ce ke raba gardama. A wasan maza, idan sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi, ya taɓa raga ya faɗa cikin gida ba a sakewa, ci gaba ake yi.

Ka ɗauki yaron da ke buga lamba shida, wato mafi ƙanƙanta a jerin. Ya taso tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas yana buga wa kansa, idan ya faɗi shi da iyayensa kaɗai abin ya dama. Yau ga shi an tashi 3 da 3, duk sauran filaye biyar sun gama, abokansa sun jeru a gefen filinsa suna ihu, abokan hamayya sun jeru a ɗaya gefen, ɗalibai a kan benci suna kiran sunansa. Makinsa daidai yake da na gwarzon da ke lamba ɗaya, babu ragi babu ƙari. Ga wani nauyin kuma: a tanis na jami'a ɗan wasa ne ke yanke hukuncin layin da ke gefensa. Ƙwallo ta sauka a bakin layi a bugun da zai raba gardama, shi ne zai ɗaga yatsa ya ce ta fita ko ya yi shiru ya bar ta. Alƙali na iya soke hukuncinsa idan abokin karawa ya yi ƙorafi, idan aka yi ta soke masa kuma sai a fara cin sa tarar maki. Wanda ya yi shekara huɗu cikin wannan tukunya ya san abubuwa game da tsoro da gaskiya da kwaɗayin nasara waɗanda ba a rubuta su a littafin koyarwa ba.

A daidai wannan lokacin akwai mutum ɗaya da doka ta yarda ya shigo fili ya zauna kusa da yaron, shi ne koci. Shekaru da dama wasan ƙwararru ya haramta koyarwa ana tsakiyar wasa, sai a 'yan shekarun nan aka sassauta. A jami'a kuwa al'ada ce tun da daɗewa: koci na zama a benci lokacin sauya gefe, yana kuma iya jefa kalma tsakanin bugu da bugu muddin bai katse wasa ba. To fili shida ne, kociyoyi biyu ne ko uku. Babban koci ba zai rabu shida ba. Saboda haka mataimaki yakan riƙe fili biyu ko uku shi kaɗai, kuma sau da yawa makomar karawar a hannunsa take ƙarewa. Yana da daƙiƙa 90 na sauya gefe ya faɗa wa yaron da ke haki, yana goge gumi da tawul, abu ɗaya da zai iya riƙewa. Idan ya faɗa masa abu biyar, babu wanda zai shiga. Zaɓen wannan abu ɗayan shi ne sana'ar.

Rayuwar ɗan wasa a waɗannan shekaru huɗu ba ta da sarari sosai. Dokar NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da gasa a lokacin kaka, da rana ɗaya ta hutu, amma tafiye-tafiye da jinyar rauni da zaman karatu na dole ba sa shiga lissafin. Zangon farko, daga Satumba zuwa Nuwamba, na gasar ɗaiɗaiku ne. Daga Janairu ake shiga karawar tawagogi, a ƙare da gasar ƙasa ta tawaga 64 a watan Mayu. A 2024 ma an ɗauke gasar ƙasa ta ɗaiɗai da bibbiyu daga Mayu an mai da ita Nuwamba a matsayin gwaji. Duk wannan kuma dole maki a aji ya tsaya daidai, in ba haka ba a dakatar da mutum.

Batun kuɗi yana da nasa tarihin. Shekaru masu yawa tawagar mata ta Rukuni na Ɗaya tana da cikakken tallafin karatu guda 8, ta maza kuwa 4.5 kacal, wanda koci zai yayyanka ya raba wa mutum takwas ko goma. Bambancin ya samo asali ne daga dokar Title IX ta 1972, wadda ta wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su daidaita dama tsakanin maza da mata. Tunda ƙwallon Amurka ta maza, wato American football, ke cinye tallafi mai yawa, sai aka matse sauran wasannin maza don lissafi ya tashi. Sakamakon haka ɗan wasa namiji da yawa rabin kuɗin makarantarsa iyaye ne ke biya, ko bashi. Wannan bashin zai biyo shi har ranar da zai zauna yana auna ko zai iya karɓar aikin koci mai ƙaramin albashi.

Gaskiya ne jami'a ta fitar da manya. Arthur Ashe ya ci gasar ɗaiɗai ta NCAA a 1965 yana jami'ar UCLA, Jimmy Connors ya ci a 1971 daga makaranta ɗaya, John McEnroe ya ci a 1978 yana Stanford. A zamanin nan akwai John Isner na Georgia, da Steve Johnson na USC wanda ya rufe karatunsa da nasara 72 a jere, da Danielle Collins wadda ta ci gasar sau biyu, 2014 da 2016, tana Virginia, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar Ostireliya a 2022. Akwai Ben Shelton na Florida, da Emma Navarro, da Cameron Norrie na Birtaniya da ya bi ta TCU, da Mayar Sherif ta Masar da ta bi ta Pepperdine. Amma waɗannan 'yan tsiraru ne ƙwarai. Mafi yawan waɗanda suka gwada zama ƙwararru daga ƙasan tsani suke farawa, a ƙananan gasannin ITF, hukumar tanis ta duniya, inda jimillar kyautar mafi ƙanƙantarsu dala 15,000 ce, a raba wa duk wanda ya shiga. Kuɗin jirgi da masauki da abinci da ɗaurin raket duk daga aljihun ɗan wasa suke fita. Mutum zai iya cin wasa biyu ko uku a mako ya koma gida da asara. Ko waɗanda suka yi zarra tun suna ɗalibai dokar ta daɗe tana hana su tara jari: Fiona Crawley ta jami'ar North Carolina ta bar dala 81,000 da ta samu a gasar US Open ta 2023 don kada ta rasa damar buga wa makarantarta, abokiyar wasanta Reese Brantmeier kuma ta maka NCAA a kotu a 2024 kan wannan doka.

Don haka a shekara 22 ko 23 hanya takan rabu uku. Wani ya gwada sa'arsa a wasan ƙwararru na shekara ɗaya ko biyu har kuɗi ko gwiwa su gaza. Wani ya rataye raket ya kama aikin da digirinsa ya ba shi, ko ya koyar a kulob inda ake biya awa-awa, wanda sau da yawa ya fi aikin jami'a kawo kuɗi a farko. Na ukun shi ne wanda ya kasa rabuwa da hayaniyar fili shida, ya nemi kujerar benci.

Ƙofofin shiga sanannu ne. Akwai wanda kakarsa huɗu ta ƙare amma saura masa darussa kafin ya kammala digiri, sai ya zauna a matsayin ɗalibi mai taimaka wa koci. Akwai wanda ke shiga digiri na biyu, makaranta ta ɗauke masa kuɗin karatu ta ba shi ɗan alawus, shi kuma ya yi wa tawaga aiki. Akwai wanda ke tafiya ƙaramar makaranta a Rukuni na Biyu ko na Uku, inda mataimaki ɗaya ke hidimar maza da mata gaba ɗaya, wani lokaci ma aikin na wucin gadi ne. Kusan duka waɗannan ƙofofi da kiran waya ake buɗe su. Tsohon kocinka ne zai kira abokinsa ya ce ga wani yaro nan, na yarda da shi. Abin da yake nufi da yarda kuwa ba ƙarfin sabis ba ne. Yana nufin yaron da ya zo atisaye kan lokaci shekara huɗu, wanda aka cire shi daga jerin masu bugawa bai ɓata wa tawaga rai ba, wanda sababbin ɗalibai ke zuwa wajensa idan kewar gida ta dame su. Shi ya sa sau da yawa kaftin ɗin da ke buga lamba biyar ya fi gwarzon lamba ɗaya saurin samun kujerar.

Akwai dalili na biyu da ya sa matsakaicin ɗan wasa kan fi dacewa da koyarwa. Wanda Allah ya hore wa baiwa yakan buga ƙwallo daidai ba tare da ya san yadda ya yi ba, idan aka ce ya bayyana sai ya ce kawai ka buga haka. Wanda kuwa ya sha gwagwarmaya kafin ya gyara bugunsa na bayan hannu, ya san kowane mataki na gyaran, domin da kansa ya bi ta wurin. Ya saba cin wasa da dabara: lura da cewa abokin karawa ba ya son ƙwallo mai tsalle sama, ko yana rikicewa idan aka ja shi gaban raga. Irin wannan idon ne ake buƙata a benci.

To me mataimakin ke yi idan ba ranar wasa ba? Abin da ake gani shi ne yana tsaye da kwandon ƙwallaye yana jefa wa 'yan wasa, ko yana bugawa da su tunda ƙafarsa ba ta mutu ba tukuna. Wannan ƙaramin kaso ne. Shi ke shirya tafiya, ya kama masauki, ya yi odar abinci, a ƙananan makarantu ma shi ke tuƙa motar tawaga awa biyar ko shida a dawo cikin dare. Shi ke odar takalma da ƙwallaye, wani lokaci ya kwana a gaban injin ɗaurin raket saboda mutum uku sun tsinka zare a atisayen yamma. Shi ke yanka bidiyon abokan hamayya, ya bi diddigin wanda bai shiga aji ba, ya cike takardun ofishin bin doka da ke ƙirga awannin atisaye. Kamar ɗan koyo ne a maƙera, wanda zai daɗe a kan zuga-zugi kafin a miƙa masa guduma, sai dai shi wannan ana miƙa masa gudumar duk ranar Asabar a gaban jama'a.

Mafi nauyin aikin, wanda kuma da shi ake auna shi, shi ne zawarcin sababbin 'yan wasa. A nan ne sunan mataimaki ke tashi ko ya kwanta. Dokar Rukuni na Ɗaya ta ce ba za a fara tuntuɓar yaro ba sai 15 ga Yuni bayan ya gama shekararsa ta biyu a babbar sakandare, kuma kafin koci ya fita zawarci wajen makaranta sai ya cika sharuɗɗan sanin dokokin hukumar. Daga nan sai yawo: gasar matasa ta ƙasa a Kalamazoo da ke jihar Michigan a watan Agusta, gasar Orange Bowl a Florida a watan Disamba, ga gasannin matasa a Turai da Kudancin Amurka. Ma'aunin UTR, wanda ke ba kowane ɗan wasa lamba daga 1 zuwa 16.5 bisa sakamakon wasanninsa, ya sauƙaƙa tantancewar farko, domin yanzu koci zai iya kwatanta yaro a Sabiya da yaro a Texas daga kan kwamfutarsa. Amma lamba ba ta nuna yadda yaro ke yi wa mahaifiyarsa magana bayan ya sha kashi, ko yadda yake yanke hukuncin layi idan ya ga babu alƙali kusa. Don ganin wannan ne mataimaki ke tsayawa a bayan shinge cikin rana tun safe, yana kallon wasan da ba na ƙarshe ba, a fili na can baya da ba kowa.

Sama da rabin 'yan tanis na Rukuni na Ɗaya daga ƙasashen waje suke zuwa, kuma tanis na cikin wasannin da suka fi kowane yawan baƙi a NCAA. Wannan ya sa tsohon ɗan wasa ɗan Sifaniya ko Jamus ko Ajantina yana da daraja ta musamman a matsayin mataimaki: yana jin harshen, ya san kociyoyin ƙasarsa, zai iya zama da iyaye ya bayyana musu abin da ɗansu zai tarar. Sai dai shi ma yana da tasa ƙayar. Da bizar ɗalibi ta F-1 ya shigo, bayan kammalawa kuma izinin aiki na wata 12 yake samu, wanda dole ya danganci fannin da ya karanta, sai masu fannin kimiyya da fasaha ne ke samun ƙarin wata 24. Daga nan sai makaranta ta yarda ta nema masa bizar aiki, abin da ƙaramin sashen wasanni ba kullum yake son shiga ɗawainiyarsa ba. Shi ya sa da yawa ke faɗawa digiri na biyu, domin ya saya musu shekara biyu a benci.

Tun 2018 da aka buɗe rumbun sauya makaranta, inda ɗan wasan da ke son komawa wata jami'a ke shigar da sunansa, musamman daga 2024 da aka sassauta dokar har ɗan wasa zai iya sauyawa fiye da sau ɗaya ba tare da zaman jiran shekara ba, zawarci ya zama fuska biyu. Mataimaki na neman na waje, yana kuma lallashin na gida kada su tafi. Yaron da aka ajiye a benci wannan kakar zai iya shigar da sunansa rumbun a ƙarshenta. Mutumin da ya fi kusa da shi, wanda zai fara jin ƙamshin ɓacin ransa, shi ne mataimaki.

Wannan kusancin shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma inda ya fi shan wahala, musamman idan a makarantarsa ya zauna. A watan Afrilu yana kwana ɗaki ɗaya da wane a otal, suna gulmar koci tare. A watan Satumba yana zaune a ofis ana tattauna ko za a cire wanen daga jerin mutum shida. Doka ta ce a jera 'yan wasa bisa ƙarfinsu, an hana ɓoye gwani a ƙasa don a tsinci maki, saboda haka kowane sauyin jeri hukunci ne a bayyane kan wa ya fi wa. Abokinsa zai tare shi bayan atisaye ya ce, kai ma da kai aka yi? Ba zai iya cewa ba ruwansa ba, domin hakan cin amanar babban koci ne. Ba zai iya kwashe abin da aka faɗa a ofis ya ba shi ba. Haka kuma abin da yara suka gaya masa a asirce, sai ya tantance wanda zai riƙe da wanda dole ya kai gaba, kamar rauni da ake ɓoyewa ko damuwar da ta fi ƙarfin hira. Ya daina zuwa liyafarsu, ya daina zama a bayan mota. Kociyoyi da yawa kan shawarci tsofaffin 'yan wasansu su fara a wata makaranta, su dawo bayan waɗanda suka yi wasa tare sun kammala, kuma ina ganin shawara ce mai kyau.

Sai batun da ya fi ci mini rai, wato lada. Tarihin kujerar mataimaki a wasannin jami'a tarihi ne na biyan mutane da son da suke wa wasa. A 1991 NCAA ta ƙirƙiro wani rukunin kociyoyi da ta ƙayyade wa albashi, kada ya wuce dala 16,000 a shekara. Kociyoyin suka kai ƙara, kotu ta ce wannan haɗin baki ne na danne farashin aiki, a 1999 hukumar ta amince ta biya dala miliyan 54.5. Amma wata kujerar ta ci gaba da zama, ta kocin sa kai, wanda doka ta hana sashen wasanni biyansa albashi ko kaɗan. Yana atisaye da tawaga, yana tafiya da ita, yana zama a benci, abincinsa kuma daga sansanin horar da yara na lokacin hutu da darussan da yake bayarwa a gefe yake fitowa. Sai 1 ga Yulin 2023 aka soke wannan kujera a Rukuni na Ɗaya, aka mai da ita ta cikakken koci wanda makaranta za ta iya biya. Za ta iya, ba dole ba ne. Jami'a mai kuɗi ta ɗauki mutum na uku da albashi, marar kuɗi ta bar wurin fanko ko ta ba da abin da bai taka kara ya karya ba.

Illar wannan ta wuce aljihun mutum ɗaya. Idan matakin farko na sana'a sai wanda zai iya shekara biyu ba albashin kirki, to an riga an tace masu shiga: wanda iyayensa ke da hali ya tsaya, mai bashin karatu ko mai ƙanne a wuyansa ya tafi, ko da shi ne ya fi ido. Mata ma a nan ake yawan rasa su. Lokacin da aka kafa Title IX a 1972, sama da kashi 90 cikin 100 na tawagogin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Da kuɗi da daraja suka shigo, maza suka nemi kujerun, yau adadin bai kai rabi ba. Babbar kociyar gobe daga mataimakiyar yau take fitowa, kuma shekarun da ake son ta yi ta yawon zawarci kan ƙaramin albashi su ne shekarun da take yanke shawarar iyali.

Ga wanda ya jure, tsanin yana kaiwa sama, kuma manyan sunayen wasan shaida ne. Manny Diaz, ɗan Puerto Rico, ya buga wa Georgia a farkon shekarun 1970 ƙarƙashin Dan Magill, ya dawo mataimakinsa a 1982, ya gaje shi a 1988, ya ci kofin ƙasa sau huɗu: 1999, 2001, 2007 da 2008. Da ya yi ritaya a 2024, wanda ya karɓa shi ne Jamie Hunt, ɗan wasansa a tawagogin 2007 da 2008, wanda ya fara zama mataimaki a Vanderbilt kafin ya dawo gida. Lele Forood ta buga wa Stanford, ta yi sama da shekara 10 tana mataimakiyar Frank Brennan, ta karɓi tawagar mata a kakar 2001 ta ci kofi a shekarar, ta kuma tara guda 10. Andres Pedroso ya buga wa Duke, ya yi mataimakin Brian Boland a Virginia, ya zama babban koci a 2017, ya ci kofi a 2022 da 2023. David Roditi, ɗan Meziko da ya buga wa TCU, ya yi mataimaki a Texas kafin ya koma makarantarsa a 2010, ya kawo mata kofin ƙasa a 2024. Duba tazarar shekarun. Diaz shekara shida ya yi a kujera ta biyu, sai bayan shekara 11 da hawa ta farko ya ɗaga kofi. Roditi shekara 14 ya jira.

Mai shiga yanzu kuma yana shiga ne ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan batun kuɗi, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace makaranta. Ga makarantun da suka shiga tsarin, an cire ƙayyade tallafin karatu an maye gurbinsa da ƙayyade yawan 'yan tawaga, a tanis mutum 10 ga maza, 10 ga mata. A takarda wannan alheri ne ga maza, domin daga 4.5 za a iya kaiwa 10. A zahiri mafi yawan kuɗin ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando za su tafi, tanis kuwa ba ya kawo kuɗin shiga, kuma an ga abin da ke faruwa da irinsa idan aljihu ya matse: a 2020, lokacin annobar korona, manyan jami'o'i irin su Iowa da Minnesota sun sanar da rufe tawagoginsu na tanis na maza. Idan aka rufe tawaga, babban koci yana da kwantiragi da suna da zai nemi wani wuri da su. Mataimaki yawanci yarjejeniyar shekara ɗaya gare shi, kuma ko tawaga ba ta rufe ba, ranar da aka sallami maigidansa sabon da zai zo da nasa mutumin yake zuwa.

Saboda haka aikin ya ƙara faɗi. Mataimakin yau sai ya iya lissafin kasafi, ya san dokar biza, ya iya zama da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni ya nemi gudummawar da za ta riƙe tawagar, ya kuma cika benci da 'yan kallo ranar wasa don shugabannin makaranta su ga dalilin barin filayen a buɗe. Jami'ar da ke son ɗan shekara 24 ya ɗauki duk wannan, bayan ɗaurin raket da tuƙin dare da daƙiƙa 90 na lamba shida, ya kamata ta ba shi albashin da zai biya haya da bashin karatunsa, da kwantiragin da ya wuce kaka ɗaya.